Lambun Tsakar Gida da Tukunyar Miya

A yawancin gidajenmu, idan kuɗin cefane ya gaza, miya ce take fara jin jiki. Masara ko dawa ko gero suna nan a buhu ko a rumbu tun kaka, don haka malmalar tuwo ba ta rage girma. Abin da ake saye kullum da kuɗin hannu shi ne kayan miya: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, ganye da mai. Ranar da aljihun maigida ya yi sanyi, sai uwargida ta ƙara ruwa a tukunya, ta kaɗa 'yar kuka, ta jefa daddawa da dunƙule, a ci a kwanta. Ciki ya cika, ba wanda ya kwana da yunwa, amma jiki bai samu duk abin da yake nema ba. Idan hakan ya ɗore wata da watanni, a jikin yara da mata masu juna biyu ake fara ganin alamarsa.

Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Binciken ya kuma samu ƙarancin jini a jikin kashi 68 na ƙananan yara da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa. Ba abinci kaɗai ke jawo wannan ba. Akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai tsutsar ciki, akwai gurɓataccen ruwan sha da gudawa. Sai dai abinci yana cikin manyan dalilan, kuma shi ne wanda mai gida da uwargida suke da iko a kansa tun daga yau, ba sai sun jira kowa ba.

Hatsi ƙarfi yake bayarwa. Ganye da kayan lambu kuwa su ke kawo ƙananan sinadaran da jiki ke buƙata kaɗan-kaɗan amma kullum. Koren ganye mai duhu, irin zogale da alayyafo da rama da ganyen kabewa, da kuma abubuwa masu launin ruwan lemo irin karas da kabewa da gwanda, suna ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Shi ke kare ido daga dundumi, yana kuma taimakon yaro wajen jure ƙyanda da gudawa. Amma wannan sinadari a cikin mai yake narkewa, don haka ganyen da aka ci ba ɗigon mai, kaɗan daga amfaninsa ne zai shiga jini. Sinadarin ƙarfe da ke gina jini shi ma yana cikin ganye, sai dai hanji ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama da hanta. Abin da ke buɗe masa hanya shi ne bitamin C, wanda ake samu a lemon tsami, ɗanyen tumatir, tattasai da gwaiba. Abin da ke tare masa hanya kuwa shi ne shayi mai kauri da aka sha tare da abinci.

Duba kwaɗon zogale yadda iyayenmu mata ke haɗa shi. An dafa ganye an matse, an daka ƙuli-ƙuli an barbaɗa, an zuba ɗan man gyaɗa, an yanka ɗanyen tumatir da albasa, an matsa lemon tsami. Ga ganye, ga mai da zai narkar da bitamin A, ga tsami da zai taimaki ƙarfe, ga gyaɗa mai gina jiki. Babu abin da masanin abinci zai ƙara a wannan kwano. Matsalarmu ita ce a gidaje da yawa, musamman na birni, kwaɗo ya koma abin marmari da ake saye wurin mai talla jefi-jefi, maimakon abin da ke fitowa daga madafi sau uku ko huɗu a mako.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, ban da dankali da rogo da doya. Gidan da ke da manya 10 ke nan yana buƙatar kilo 4 kullum. Gaskiya ita ce buhuna biyar na shuka a gefen katanga ba za su ba da wannan ba, kuma duk wanda ya ce maka lambun tsakar gida zai raba ka da kasuwa ya yi maka daɗin baki. Aikinsa daban ne. Shi ne ya tabbatar da cewa ko da kuɗi ko babu, akwai dunƙulen ɗanyen ganye da zai shiga tukunya yau, gobe ma haka. Kuma ganyen yana hannun mai girki. Ba sai ta jira maigida ya dawo ba, ba sai ta aiki yaro bakin titi ba.

Don sanin abin da ya kamata a shuka, sai a fara duba yadda kasuwar kayan gwari ke juyawa. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, filayen Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam suka zama cibiyar noman rani a Kano. Daga Janairu zuwa Maris tumatir yakan cika kasuwa har ya rasa mai saye, a yanka a shanya a bakin titi. Da bazara ta kankama sai labari ya canza, domin tumatir ba ya son zafi: idan rana ta yi tsanani, dare ma bai yi sanyi ba, furen zubewa yake yi bai ƙulla ɗa ba. Daga wajen Mayu zuwa Yuli kwando yakan yi tsadar da talaka ba ya iya kusantarsa. A 2016 kuma tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma suka laƙaba wa Sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, farashi ya ninka sau da yawa cikin 'yan makonni. Albasa ma haka take hawa da sauka, ko ta Aliero ce ko ta Galmi.

Saboda haka ni shawarata ita ce kada mai ƙaramin wuri ya ɓata shi a kan abin da kasuwa ke bayarwa da arha a lokacinsa. Albasa da kabeji suna daɗewa a ƙasa, suna cin wuri, kuma sau ɗaya ake cire su. Ganye ya fi riba a gida, saboda shi ne yake saurin yaushi a hanyar kasuwa, shi ne kuma ake yanka ya sake tohowa. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako 3 zuwa 4 da shuka. Rama da yakuwa da lalo suna jure zafinmu. Kuɓewa takan fara 'ya'ya wajen wata 2, kuma muddin ana tsinka duk bayan kwana biyu, ba ta fasa bayarwa. Salak da karas da tumatir a bar su sai hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da suke jin daɗin iska.

Abu na farko da za a duba a gida shi ne rana. Kayan lambu suna son hasken rana na kamar awa 6 a yini, kuma ta safe ta fi ta la'asar sauƙi a kansu. Gindin mangwaro ko darbejiya yana da daɗin zama, amma abin da aka shuka a can zai yi tsawo siriri ya kwanta. Abu na biyu shi ne ƙasa. Ƙasar tsakar gida ta sha taku da shara, ta daskare, sau da yawa kuma akwai ɓaraguzan siminti a ƙarƙashinta. A haƙa zurfin kamu biyu, a tsince duwatsu da leda, a gauraya da taki. A nan ne masu farawa suka fi yin asara, domin sukan kwaso kashin kaji ko na tumaki ɗanye su zuba. Ɗanyen taki yana ɗaukar zafi idan ya fara ruɓewa, yana ƙona saiwa, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A tara shi a rami tare da ɓawon kayan miya, busasshen ganye da 'yar toka, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, har wata 2 ko 3. Idan ya yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi ya koma ƙanshin ƙasa, ka sa hannu ka ji ba zafi, to ya nuna.

Wanda gidansa duk siminti ne, ko ɗan haya da ba shi da ikon haƙa, sai ya koma ga buhu. Ana samun buhun shinkafa ko na taki wanda ya ƙare, a wanke shi, a huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita. A haɗa ƙasa mai kyau kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. A samo babban gwangwani a cire masa kai da gindi, a tsayar da shi a tsakiyar buhun, a cika shi da tsakuwa, a zuba ƙasa a kewayensa. Sai a ja gwangwanin sama, a sake cika shi da tsakuwa, a sake zuba ƙasa, haka har buhu ya cika. Abin da aka samu shi ne ginshiƙin tsakuwa daga sama har ƙasa, wanda idan an zuba ruwa a kansa zai ratsa ya isa ko'ina, maimakon ya tsaya a sama gindin ya bushe. Daga nan a tsaga ƙananan ramuka a jikin buhun, tazarar kamu ɗaya tsakaninsu, a cusa dashen alayyafo a kowane rami, a shuka attaruhu ko kuɓewa a samansa. Wurin da bai fi faɗin tabarmar salla ba zai ɗauki buhu biyu da tsiro masu yawa. Rana tana cin buhu, bayan wasu watanni zai fara yagewa, sai a juye ƙasar a sabo a ƙara mata taki.

Ruwa shi ne babbar magana, kuma a kansa yawancin lambunan gida ke mutuwa a watan Afrilu. Lissafinsa ba wuya. A tsananin zafi, fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yakan sha lita 6 zuwa 8 a rana. Jarka ɗaya ta 'yan garuwa mai lita 25 za ta shayar da kamar mita 3 ko 4 ke nan. Ga wanda ke sayen ruwa, wannan kuɗi ne, kuma dole ya auna. Amma kowane gida yana zubar da ruwa mai kyau a rariya ba tare da ya lura ba. A ce mutum 10 ne a gida, kowa yana alwala sau 5 da lita ɗaya: lita 50 ke nan a rana, jarka biyu. Idan aka ajiye baho a wurin alwala, ko aka karkata magudanar wurin zuwa gindin zogale, an samu rabin abin da ake nema. Haka ruwan wankin shinkafa da na gero da na kayan miya. Ruwan wanki mai omo da bilic kam a bar shi, domin gishirin da ke cikinsa yana taruwa ya kashe ƙasa. Ruwan banɗaki da na wankin kayan jarirai kada ya kusanci abin da za a ci.

Yadda ake ba da ruwan ma yana da tasiri. A bayar da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, a ƙoshar sosai, domin yayyafi sama-sama yana sa saiwa ta tsaya a fatar ƙasa inda rana ke gasa ta. A rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, danshi zai daɗe. Wasu suna binne tulun ƙasa wanda ba a shafe ba har wuya a tsakiyar fangali, su cika shi da ruwa su rufe bakinsa. Ruwan yana tsatsowa ta jikin tulun a hankali, saiwoyi su zo su kewaye shi, ba abin da rana ta sha.

Zogale ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan kowa yana da shi kuma kusan kowa yana barinsa ya lalace. Idan aka ƙyale shi sai ya miƙe ya wuce katanga, ganyen ya koma can ƙololuwa inda sai da gora, ƙasa kuma sanda kawai. A datse kansa tun yana daidai ƙugu ko ƙirji. Duk inda aka yanke, rassa biyu ko uku za su fito, kuma duk reshen da aka sake datsewa zai ƙara yin wasu. Cikin 'yan watanni za ka ga ya zama dunƙulallen kurmi wanda yarinya 'yar shekara 10 za ta iya tsinka tana tsaye. Bishiya uku ko huɗu da aka riƙe haka suna ba gida ganye rani da damina. Alayyafo ma kada a tumɓuke shi da saiwa yadda 'yan kasuwa ke yi. A yanka sama, a bar kamu ɗaya da 'yan ganye, zai sake tohowa sau da dama kafin ya yi fure. Ko kuka ana iya shuka ta a fangali don ganye kawai, kamar yadda ake yi a wasu lambuna a Mali da Nijar: a jiƙa ƙwallon a ruwan zafi don ɓawonsa ya yi laushi, a shuka kusa-kusa, a riƙa tsinkar ɗanyen ganye ba tare da an jira ta zama bishiya ba.

Maƙiyan lambu a gida sanannu ne. Akuya tana gama aikin wata biyu kafin a idar da sallar azahar, kaji suna tone iri, ƙadangare yana cin tsiro tun yana kunne biyu. Don haka shinge yana gaba da shuka, ko da na kara ne ko tsohon gidan sauro. Ƙwari kuwa a ƙaramin wuri hannu ya fi magani: a duba bayan ganye da safe a tsince tsutsa, a barbaɗa toka, ko a daka ganye ko 'ya'yan darbejiya a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma. Ina roƙon masu lambun gida su nisanci maganin feshi na gona. Kowane irinsa yana da adadin kwanakin da dole a jira kafin a ci abin da aka fesa, ganyen da ake tsinka kullum kuwa ba ya ba da wannan dama, ga yara suna wasa a wurin. Game da iri, a bar tsiro ɗaya ko biyu mafi kyau su tsufa su bushe, a adana 'ya'yansu a kwalba da 'yar toka. Wannan yana yi da irin gida. Irin kanti da aka yi wa aure, wanda ake rubuta F1 a jikin fakitinsa, 'ya'yansa ba sa fitowa kamar uwarsu.

Inda gida ba wuri ko ba ruwa, sai a haɗu a yi na unguwa. Maƙwabtanmu na Nijar sun daɗe a wannan hanya. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a ga noman rani gadan-gadan, aka haƙa rijiyoyi, aka killace filaye a ƙauyuka, kuma har yau ƙungiyoyin mata a jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa suna riƙe da irin waɗannan lambuna, kowace mace da fangalinta. Daga baya cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa tsarin ban ruwa na ɗigo, inda ake ɗora tanki a bisa, ruwa ya gangaro ta siraran bututu yana ɗiga a gindin kowane tsiro. A Najeriya kuwa, shirin ciyar da ƙasa na 1976 a zamanin Janar Obasanjo ya sa makarantu da ma'aikata sun yi gonaki da lambuna, amma da yawansu ba su wuce 'yan shekaru ba.

Abin da ke raba wanda ya ɗore da wanda ya mutu ba ya da yawa. Na farko, fili. Idan aro ne da fatar baki, ranar da ƙasa ta gyaru mai shi zai tuna yana da buƙata, don haka a rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu. Na biyu, asusun gyara. Famfo zai lalace, waya za ta tsinke, kuma wanda ya kawo tallafi ya riga ya tafi. Ƙungiyar da ke tara ɗan abu duk mako kamar adashi ita ce ke wuce wannan rana. Sannan kowa ya san fangalinsa, domin gonar da aka ce ta kowa ce, ba mai tashi da asuba ya ba ta ruwa. Akwai kuma batun tsabtar ruwan. A Kano, lambunan da ke bin rafin Jakara da Getsi suna shan ruwan da ya kwaso dattin gari da na masana'antu, kuma daga irin wuraren nan wani salak da kabejin ke shiga kasuwa. Wankewa tana rage ƙwayoyin cuta, dafawa tana kashe su, amma gubar ƙarfe da tsiro ya sha ta saiwa ba ta fita da wanki. Lambun unguwa sai da rijiya ko burtsatse mai tsabta.

Akwai darasi ɗaya daga aikin da ƙungiyar Helen Keller ta yi a gabashin Burkina Faso tsakanin 2010 da 2012. Ba iri da kayan aiki kaɗai aka ba mata ba. An haɗa da masu bi gida-gida, ciki har da dattawan mata na ƙauyen, suna koyar da yadda za a ciyar da yaro. Da aka auna daga baya, an ga sauƙin ƙarancin jini da rama da gudawa a tsakanin ƙananan yaran. Dalilin haɗa biyun a fili yake: ganye yana iya yin kyau a lambu ya ƙare a kasuwa gaba ɗaya, ko ya shiga tukunya amma bai kai bakin wanda ya fi buƙata ba.

A tukunyar ma ana asara. Ganyen da aka tafasa har ya yi baƙi, aka zubar da ruwansa, an zubar da rabin amfaninsa. Kanwa tana sa ganye laushi da kore, tana sa kuɓewa yauƙi, amma tana lalata bitamin C da wasu bitamin ɗin, don haka a rage hannu. A wanke ganye kafin a yanka, a sa shi daf da saukewa, a rufe tukunya. Wanda ya yi yawa a damina a shanya shi a inuwa inda iska ke ratsawa, domin rana tana cinye launinsa da bitamin A tare, sannan a daka a adana a mazubi mai murfi. Yaron da ya cika wata 6, wanda aka fara ba shi abinci tare da nono, a sa masa ƙaramin cokali na garin zogale da ɗan ƙullin gyaɗa a kununsa.

Maigida, kafin damina ta sauka ka samar wa iyalinka buhu biyu, kwandon ruɓaɓɓen taki da ɗan shingen da zai tare akuya. Uwargida, ki fara da alayyafo da zogale, su ne ba sa ba da wahala. Idan aka shuka alayyafon a makon nan, kafin wata ya ƙare za a yi miyarsa.